Attarugu a Tsakar Gida Lokacin Ɗari

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ku ɗauki misalin tushen attarugu da aka shuka a cikin buhu. Bakin ganyensa ya ƙone ya nannaɗe, furanni sun zube a gindinsa. Haka za ku tarar da shi a gidaje da yawa daga Gusau har Birnin Kebbi idan Janairu ya kama, masu shi kuma sai su ce sanyi ya kashe shi, su tumɓuke. Don Allah a daina gaggawar nan, shukar tana da rai.

Barkono da attarugu daga nahiyar Amurka suka fito, yankin Meziko da Kudancin Amurka masu ɗumi, shi ya sa ba su jure ƙanƙara. A Kanada ko Rasha, dare ɗaya na daskarewa ya isa ya kashe shuka, don haka masu sha'awarsa a can sukan datse rassansa su shigar da shi ɗaki, kusa da taga ko ƙarƙashin fitila, har sanyi ya wuce. Ɗarinmu bai kai nan ba. Abin da yake yi shi ne, idan dare ya sauka ƙasa da digiri 15, girma ya ja baya, fure ya soma zuba. Asubar Disamba da Janairu takan taɓa wannan ma'auni.

Amma wadda ta fi yin ɓarna ita ce iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take tasowa, busasshiya ƙamas, tana zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa. Yadda take fasa mana leɓe da diddige, haka take yi wa ganyen. Saboda haka mazaunin buhun shi ne rabin aikin. Ku jingina shi a kudu da katanga, yadda katangar za ta tare iska. A wannan lokaci rana tana karkata kudu, don haka zai samu hasken awa 6 ko fiye, katangar kuma ta sha zafi da rana ta riƙa sake masa ɗumi da dare. In babu katanga, zana ɗaya a gefen arewa da gabas ta wadatar.

Sai ban ruwa, inda mutane suka fi kuskure. Ana ganin ganye ya yi yaushi da azahar sai a kwara masa ruwa da magariba, saiwa ta kwana cikin laima mai sanyi, ta ruɓe. Ku ba shi da hantsi. Kafin nan ku tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu: in da danshi, ku bar shi sai gobe. Ku tabbata gindin buhun yana da huji. Sannan ku rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Mutanen Argungu da Talata Mafara ba sai an faɗa musu inda ake samun ɓuntu ba.

Ƙura ma ba abin rainawa ba ce. Ku juya ganye ku duba bayansa, can farin ƙuda da ƙananan ƙwari suke ɓuya, kuma farin ƙuda shi ke yaɗa cutar da ke murɗe ganye. Ku riƙa wanke ganyen da safe, ku fesa ruwan dakakken 'ya'yan dogon yaro. Taki kuwa, kashin awaki da ya ruɓe sosai ya fi. Yawan yuriya ganye zai ba ku, 'ya'ya kaɗan.

Ga batun lokaci, kuma a ganina nan ne aka fi yin asara. Irin attarugu yana son ƙasa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 30, duk da haka yakan yi mako 2 zuwa 3 kafin ya tsiro. Wanda ya yafa a tsakiyar Disamba zai daɗe yana jira, sannan furensa ya zo daidai da zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 40, fure kuwa ba ya zama a irin wannan zafi. Ku yafa a farkon Oktoba, ƙasa tana da sauran ɗumin damina. Bayan mako 6 ku yi dashe da yamma. Cikin Fabrairu, in Allah ya yarda, kuna tsinka. In kun riga kun makara, ku yafa a roba, ku fitar da ita rana da safe, ku shigar da ita ɗaki da dare.

Wanda ke da tsohon tushe na damina, shi ya fi kowa sa'a, domin attarugu yakan yi shekaru. Ku yanke busassun rassa da wuƙa mai kaifi, ku bar manyan uku ko huɗu, ku rage ruwa. Da kun ga sabon toho, ku ƙara masa taki cikin tafin hannu ɗaya, nesa kaɗan da gindi.