Yadda ake gane wa ya ci wa a zamanin dainoso

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga gidan tarihi na Field Museum a birnin Shikago na Amurka. Wannan ƙwarangwal da ke bayana sunansa SUE, nau'in T. rex ne, dainoso mai cin nama da ya rayu shekaru kusan miliyan 67 da suka wuce. A 1990 aka tono shi a jihar Dakota ta Kudu, tsawonsa ya haura mita 12. Kan da kuke gani a jikinsa kwafi ne. Na ainihin yana can cikin gilashi, domin nauyinsa ya kai kilo 270, ga shi masu bincike na yawan buƙatarsa.

Bari in matso da kyamara kusa da bakin. Haƙori mafi tsawo yakan kai santimita 30, amma mafi yawansa saiwa ce da ta nutse cikin muƙamuƙi. Ku lura da gefensa, akwai ƙananan tsaga a jere kamar na zarto, su ke yanka nama. Sai dai kaurin haƙorin ne abin dubawa. Siririn haƙori da ya haɗu da ƙashi karyewa yake yi, wannan kuwa murƙushe ƙashin yake. An ƙiyasta ƙarfin cizonsa ya kai danniyar kilo 3,500. A Saskatchewan ta Kanada an samu kashin irin wannan dabba da ya zama dutse, tsawonsa santimita 44, cike da gutsattsarin ƙasusuwa.

Masu cin ganye tsarinsu daban ne. Ganye yana cinye haƙori, don haka wasunsu suna da ɗaruruwan haƙora a jere, wani na ƙarƙashin wani, da na sama ya lalace sai na ƙasa ya taso. Nigersaurus, wanda aka tono a Gadoufaoua ta ƙasar Nijar, yana da haƙora sama da 500, kuma yakan sauya kowanne cikin kwana 14. Paul Sereno na Jami'ar Shikago ne ya jagoranci aikin bincike a kansa. Nigersaurus bai taɓa haɗuwa da T. rex ba, ya riga shi da shekaru sama da miliyan 40, kuma nahiyarsu ba ɗaya ba.

To ga inda mutane ke yin kuskure. Ganin shaidar haƙori a jikin ƙashi ba ya nufin farauta aka yi. Akwai ƙashin ƙugun Triceratops, wani mai cin ganye mai ƙaho uku, daga jihar Montana, mai ramukan cizo kusan 80, amma ko ɗaya bai warke ba. Abin da yake nunawa kawai an ci naman. Ko kashe shi aka yi, ko mushe aka tarar, ƙashin ba zai faɗa ba.

Shaidar da ke raba gardama ita ce warkewa, domin ƙashin matacce ba ya tofo. A 2013 aka bayyana wasu ƙasusuwan wutsiya guda biyu na wani mai cin ganye mai faffaɗan baki, sun manne da juna, kuma tsakaninsu akwai kan haƙorin T. rex da ya karye ya maƙale. Sabon ƙashi ya tsiro ya lulluɓe haƙorin. Ke nan an cije shi yana raye, ya kuɓuce, ya ci gaba da rayuwa har raunin ya rufe. Kuma a wutsiya aka kama shi, wurin da mai bin dabba a guje ke fara kaiwa. A ganina babu hujjar da ta kai wannan ƙarfi.

Idan kuka zo, ga yadda za ku duba: ramin da bakinsa ke da kaifi bai warke ba, wanda gefensa ya kumbura ya yi santsi kuwa ya warke. Amma ku yi hattara da ramukan da ke muƙamuƙin SUE, ga su nan ta baya. Zagayayyu ne, ba su bi jerin haƙora ba, shi ya sa wasu masana suka danganta su da cuta.