Barcelona: ciniki a baki, bashi a wuya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin sharhin wasanni.

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar musayar 'yan wasa a Turai, teburin mai shayin unguwarmu sai ya koma rumfar dillalai. Mutumin da ake bi kuɗin ƙwai biyu tun makon jiya, shi ne za ka ji yana cewa Yuro miliyan 60 ai ba kuɗi ba ne, a biya kawai a ɗauko yaro. A damunar 2025 akwai wani matashi, ɗan ga-ni-kashe-nin Barcelona, da ya yi makonni da hoton Nico Williams, ɗan wasan Athletic Bilbao da ake cewa Barcelona na zawarcinsa, a fuskar wayarsa, sanye da rigar Barcelona da aka liƙa masa da kwamfuta. Har ya gama jera su: Lamine Yamal a dama, Nico a hagu, Lewandowski a tsakiya. Aka ce masa to Raphinha fa? Ya ce wannan kuma ciwon kan koci ne. Ranar da labari ya fito, a farkon watan Yuli, cewa Nico ya sa hannu a sabon kwantiragi da Athletic Bilbao har zuwa 2035, yaron nan kwana biyu bai leƙo teburin ba, abokansa na ta aika masa saƙon jaje.

An yi dariya an watse, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya rusa cinikin. Rahotannin da suka fito daga Sifaniya a lokacin sun nuna cewa ɓangaren ɗan wasan ya nemi a ba shi tabbacin za a yi masa rajista ya buga gasa, Barcelona kuma ta ƙi ɗaure kanta da wannan sharaɗi. Ku dubi girman abin. Ƙungiyar da ta ɗaga kofin Zakarun Turai sau 5, wai ita ce ɗan wasa ke tambaya: in na zo, za a bar ni na shiga fili?

A gasar La Liga, sayen ɗan wasa daban, yi masa rajista daban. Hukumar gasar, wadda Javier Tebas ke shugabanta, tana duba abin da kowace ƙungiya ke samu da abin da ake bin ta, sannan ta yanka mata iyakar abin da za ta kashe a kan 'yan wasa da masu horarwa. In kana cikin iyakarka, duk Yuro ɗaya da ka samu kana iya kashe shi, wannan ne ake kira dokar ɗaya-da-ɗaya. In ka zarce, to ko ka sayar da ɗan wasa, wani kaso kawai na abin da ka rage za a bar ka ka taɓa. A Ingila sai an yi ɓarnar ake zuwa a hukunta ƙungiya, kamar yadda aka zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki. A Sifaniya tun a ƙofa ake tare ka.

Wannan ƙofa ce ta hana Lionel Messi ci gaba da zama a watan Agustan 2021. Mutumin da ya zo garin yana ɗan shekara 13, ya ci musu ƙwallo 672, ya yarda a rage rabin albashinsa, duk da haka lissafi ya ƙi fita. Da yawanmu mun ga ranar da ya tsaya gaban 'yan jarida yana share hawaye. Bayan 'yan kwanaki shugaban ƙungiyar, Joan Laporta, ya fito ya ce bashin da ake bin Barcelona ya kai Yuro biliyan 1 da miliyan 350, kuma albashi kaɗai ya kai kashi 103 cikin 100 na kuɗin da ke shigowa. Wato kafin a kunna fitilar filin wasa, kafin a sayi ko ƙwallo ɗaya, an riga an cinye abin da aka samu har da ɗori.

Yaya aka kai ga haka? Annobar korona ta taka rawa, gaskiya ne, don ta rufe filin da ke ɗaukar mutum fiye da dubu 99. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon Barcelona kuwa ya tsage tun 2017, zamanin shugabancin Josep Maria Bartomeu. A shekarar ne PSG ta ajiye Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Duniya ta san akwai kuɗi a aljihun Barcelona, kuma ta san a ruɗe take. Duk wanda ya taɓa shiga kara ana gobe Sallah da hantsi ya san yadda masu raguna ke yi wa mai gaggawa. Ousmane Dembélé daga Dortmund, miliyan 105 ban da ƙarin tsarabe-tsarabe. Philippe Coutinho daga Liverpool, miliyan 120, shi ma da nasa ƙarin. Antoine Griezmann daga Atlético Madrid a 2019, miliyan 120. Labarin Coutinho shi ne ya fi ciwo: aka ba da shi aro ga Bayern Munich, ya shigo daga benci a Lisbon ranar 14 ga Agustan 2020 ya zura wa masu shi ƙwallo biyu a daren nan da Bayern ta ci Barcelona 8 da 2. Daga baya aka sallama shi ga Aston Villa a kan miliyan 20 ko kusa da haka. Liverpool kuwa a wannan tsakanin ta kawo Van Dijk da Alisson, ta je ta ci kofin Turai.

Laporta ya gaji wannan rami, ba shi ya haƙa ba, a ba shi haƙƙinsa. Sai dai hanyar da ya bi a 2022 ita ce abin da ya kamata mu tsaya a kai. 'Yan Sifaniya suna kiran ta palancas, wato sandunan da ake sa wa a ƙarƙashin dutse a ɗaga shi. Manomi zai fi kowa gane ta. Barcelona ta sayar wa kamfanin Sixth Street na Amurka kashi 25 cikin 100 na kuɗin da take samu daga nuna wasannin La Liga a talabijin, har na tsawon shekara 25, ta karɓi abin da ya haura Yuro miliyan 500 a hannu. Mai jinginar gona ma yana da ranar da zai kai kuɗi ya karɓi abarsa. Wannan kuwa sayar da amfanin gona ne tun ba a shuka ba: kowace kaka, buhu ɗaya cikin huɗu na wani ne, har yaron da aka haifa a shekarar ya isa aure. Aka kuma sayar da kusan rabin Barça Studios, sashen ƙungiyar na harkar bidiyo da intanet, a kan miliyan 200, kuɗin da wani ɓangarensa ya yi ta wahalar shigowa, har aka shiga rikici da wani kamfanin Jamus mai suna Libero da ya kasa kawo miliyan 40.

Da kuɗin nan aka kawo Lewandowski da Raphinha da Jules Koundé. Kuma a faɗi gaskiya, an ci La Liga a kakar 2022 zuwa 2023 a hannun koci Xavi, an sake ci a 2025 a hannun Hansi Flick. Magoya baya za su ce to me kuma ake so? Ni dai abin da nake gani, ba sandunan nan ne suka fi ceton Barcelona ba. La Masia ce, makarantar ƙungiyar ta renon matasan 'yan wasa. Lamine Yamal, Gavi, Cubarsí, Balde, Fermín: babu wanda aka je kasuwa aka ƙirga miliyoyi a kansa. Da a ce sai an saye su, da ban san wace gonar kuma za a sayar ba.

Yanzu mu zo kan gini, don shi ne babban kaya. A watan Afrilun 2023, ƙungiyar da ba ta gama numfashi daga tsohon bashi ba ta sake ɗaukar wani, na Yuro biliyan 1 da miliyan 450, ta hannun bankunan Goldman Sachs da JP Morgan, domin sake gina filinta na Camp Nou. Filin tun 1957 yake, kuma ya tsufa. Aka ba kamfanin Limak na Turkiyya aikin, da nufin filin ya riƙa ɗaukar mutum dubu 105.

A nan ina ganin ya kamata a yi adalci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya ci bashi ya gina shago ba ɗaya yake da wanda ya ci bashi ya yi bikin nuna isa ba. Filin wasa na zamani shago ne. Real Madrid ta ranto fiye da biliyan 1 ta gyara filinta na Bernabéu, kuma a kakar 2023 zuwa 2024 ta zama ƙungiyar ƙwallo ta farko da kuɗin shigarta ya haura Yuro biliyan 1 a shekara. Kuɗin ba daga mai tikitin tsaye yake fitowa ba, daga ɗakunan manyan baƙi yake, da gidajen abinci, da masu yawon buɗe ido, da tarukan da ba na ƙwallo ba. Ko a can ma sai da maƙwabta suka kai ƙara kan hayaniya, aka dakatar da manyan wasannin mawaƙa a 2024. Lissafin takarda kenan, kullum akwai abin da bai hango ba.

Matsalar ita ce tsakanin rushewa da tarewa. Magoya bayan Arsenal da ke saurarenmu, musamman waɗanda suka shiga ƙungiyar saboda Kanu, ba sai an ba su labari ba. An tare a Emirates a 2006, filin da ya ci fam miliyan 390. Abin da ya biyo baya, shekara bayan shekara ana sallamar gwanaye: Henry, Adebayor, Fàbregas, Nasri, Van Persie. Daga 2005 zuwa 2014 babu kofi, koci Arsène Wenger na shan zagi a gidajen kallo, alhali mutumin yana riƙe da gida ne ana biyan magina. Tottenham, lokacin da take gina nata, ta wuce kasuwar bazarar 2018 ba ta sayi ko mutum ɗaya ba. Valencia kuwa ta fara gina sabon filinta na Mestalla a 2007, kuɗi ya yanke a 2009, kangon siminti ya yi shekara goma sha biyar yana kallon sama kafin a koma aiki.

Arsenal da Tottenham sun ɗaure ciki. Barcelona ta ce ita za ta yi ginin, ta biya tsohon bashi, kuma ta ci gaba da shiga kasuwa da babbar riga. Ta bar Camp Nou a ƙarshen watan Mayun 2023 ta koma haya a filin Olamfik na kan tudun Montjuïc, wanda da ƙyar yake ɗaukar rabin mutanen da ta saba tarawa. An ce za a dawo a Nuwamban 2024, daidai bikin cika shekara 125. Duk wanda ya taɓa sa magini aiki ya san ma'anar "saura kaɗan, Alhaji". Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har ta kai a Satumban 2025 Barcelona ta karɓi baƙuncin Valencia a ƙaramin filin Johan Cruyff mai kujeru dubu 6. Sai ranar 22 ga Nuwamban 2025 aka koma gida, da 'yan kallo kusan dubu 45, injinan ɗaga kaya na tsaye a kan filin. Wa aka kara da shi a ranar? Athletic Bilbao, ƙungiyar Nico Williams, aka ci su 4 da nema. Matashin unguwarmu a daren nan shi ya biya wa mutum uku shayi.

Kowane wata da aka ƙara a gidan haya, kuɗi ne da aka sa a lissafi bai shigo ba, kuma shi ke matse iyakar albashi. Ga inda gini da kasuwa suka haɗu. Dani Olmo ya zo daga Leipzig a Agustan 2024 yana ɗauke da kofin Turai na ƙasashe, ya zauna kallo a wasanni biyu na farko don babu gurbin rajista. Sai da ɗan bayan Barcelona Andreas Christensen ya ji rauni mai tsawo aka samu kafar da doka ta bari, aka yi wa Olmo rajista zuwa ƙarshen Disamba. Da shekara ta ƙare La Liga ta cire sunansa tare da na abokin wasansa Pau Víctor. Ƙungiyar ta ruga ta sayar da kujerun alfarma 475 na filin da ba a gama ba, na tsawon shekara 30, a kan Yuro miliyan 100. Duk da haka sai da majalisar wasanni ta gwamnatin Sifaniya ta sa baki a Janairun 2025 kafin yaran su dawo fili.

To in haka ne, me ya sa kullum sunan Barcelona ke kan gaba a jita-jita? Saboda kowa na da abin da yake ci a ciki. Wakilin ɗan wasa na son a ji babbar ƙungiya ta taya yaronsa, don ƙungiyarsa ta ƙara masa albashi, shi ma la'adarsa ta ƙaru. Jaridun Sport da Mundo Deportivo na birnin sai sun cika shafin farko kullum, ko a watan da babu wasa. Masu shafukan Facebook da TikTok, har da namu na nan gida, da dannawarku suke cin abinci. Sannan akwai siyasa. Barcelona ba ta wani attajiri ba ce, ta mambobinta ce, su ke zaɓen shugaba da ƙuri'a. Shugaban da ya fito ya ce bana ba za mu sayi kowa ba, za mu biya bashi, ya san abin da zai tarar a akwati. Shi kansa Laporta a yaƙin neman zaɓensa na 2003 da sunan David Beckham ya yi talla. Beckham ya tafi Madrid, aka kawo Ronaldinho, sai abin ya zama gobarar Titi. Ba kullum ake irin wannan sa'a ba.

Saboda haka in kun ji an ce Barcelona na zawarcin wane, kada ku tsaya a kan nawa ne kuɗinsa. Ku tambaya: wa zai fita, albashin wa za a rage, wa ke kwance a asibiti? Na ƙarshen nan ba ba'a nake yi ba. A Agustan 2025, rajistar sabon mai tsaron raga Joan García ta rataya ne a kan tsawon jinyar mai tsaron raga kuma kyaftin Marc-André ter Stegen, wanda aka yi wa aiki a baya. Shi ya ce wata uku zai yi, ƙungiya na buƙatar likitocin La Liga su yarda jinyar ta fi haka kafin a sakar mata wani kaso na albashinsa. Da farko ya ƙi sa hannu a tura takardar likita, aka karɓe masa kambun kyaftin, bayan 'yan kwanaki aka sasanta ya sa hannu aka mayar masa. Marcus Rashford, wanda aka karɓo aro daga Manchester United bayan cinikin Nico ya rushe, shi ma sai dab da wasan farko da Mallorca sunansa ya shiga, bayan shugabannin ƙungiyar sun tsaya da dukiyarsu sun ba da lamunin Yuro miliyan 7.

Nan za mu dakata, sai kuma shiri na gaba idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.