Saiwar gamba da abin da ke biyo bayan ƙunar daji

Assalamu alaikum. Ardo, iyayena, 'yan'uwa makiyaya da manoman Dukku, sannunku da zuwa.

Ga wani gindin gamba da na sa aka tono a wajen gandun kiwo na Wawa-Zange. A miƙa shi ya zagaya. Samansa ya ƙone ƙurmus, amma ku karya saiwar ku gani, ɗanya ce. Gamba ciyawa ce mai shekaru, abincinta na ajiye a gindi da saiwa. Shi ya sa bayan wuta ta wuce, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, sai ta yi toho kore shar. Saiwar nan ta cika ƙasa, ta kame danshi, ba ta bar wa wata ciyawa wurin zama.

To, a tohon nan ɓarnar take. Da ya leƙo sai mu kora shanu a kai. Gamba ta ɗebo daga ajiyarta ta sake toho, a sake cinyewa. Bana haka, baɗi haka, har gindin ya mutu, fili ya buɗe. Sai karangiya da tafasa da kyasuwa su shigo. Kada a ce na raina kyasuwa, shanu na son ta, muna ma yanka ta mu ajiye. Amma 'yar shekara ɗaya ce, saiwarta ba zurfi, tun kaka ta zuba iri ta bushe. A watan Maris, lokacin da saniya ta fi jin yunwa, ba ta da abin da za ta ba ka.

A Amurka, jihohin Nebada da Aidaho sun sha wannan. Wata ciyawa mai shekara ɗaya, citgiras, ta shigo musu daga Turai da Asiya a ƙarshen ƙarni na 19. Tana bushewa da wuri, ta kama wuta, irinta ya riga kowa tsira, gobara ta yawaita. Masu bincike sun ga inda saiwar ciyawarsu ta asali ke raye, baƙuwar ba ta samun gindin zama da sauƙi.

Idan ƙunar ta zama dole, a yi ta farkon rani, ciyawa na da sauran danshi. Wutar Fabrairu da Maris da masu farautar gafiya ke cinnawa ta fi zafi nesa ba kusa ba. Sannan Ardo, roƙona gare ku: duk shekara a ware ɓangare guda da ya ƙone, a hana shanu shigarsa har damina ta zauna, gamba ta yi kai ta zuba iri.