'Ya'yan Kora da Kuɗin Fansar Rai

'Yan'uwa, ku buɗe Littafi Mai Tsarki a Zabura 47, ku sa yatsa a wurin, sannan ku leƙa Zabura 49. Waƙa ɗaya ce kawai ta raba su, kuma duka biyun suna ɗauke da sunan 'ya'yan Kora.

Ta 47 da sowa ta fara. Ana kiran dukan al'ummai su tafa hannu, domin Ubangiji Maɗaukaki shi ne babban Sarki bisa dukan duniya. Ƙaho na tashi, Allah na zaune a kursiyinsa mai tsarki, a aya ta 9 kuwa har shugabannin al'ummai sun hallara a gabansa.

Ta 49 ma duk duniya ta kira, manya da ƙanana, attajiri da matalauci. Amma ita cewa ta yi a kasa kunne. Mawaƙin ya ɗauki garaya, ya jefo tambaya: don me zan ji tsoro sa'ad da masu taƙama da dukiya suka kewaye ni?

Amsarsa tana cikin kalma ɗaya, fansa. A shari'ar Musa, Littafin Firistoci sura 25, idan talauci ya sa mutum ya sayar da kansa ga baƙo, ɗan'uwansa na iya biyan kuɗi ya fanso shi. Kowane Ba'isra'ile ya san wannan. Sai ayoyi 7 zuwa 9 na Zabura 49 suka ce akwai wurin da kuɗi ba su da baki: ba wanda zai iya biyan Allah farashin ran ɗan'uwansa don kada ya ga kabari. Mai hikima zai mutu, wawa zai mutu, dukiyar kuma wasu ne za su ci. Har waɗanda suka laƙaba wa filaye sunayensu don kada a manta da su, hanyar ɗaya ce.

Aya ta 14 ce take sa jikina sanyi duk lokacin da na karanta ta. An kwatanta masu dogara ga kansu da tumaki, mutuwa ce kuma makiyayinsu. Ku tuna Zabura 23, inda Ubangiji ne yake kiwo. Kowa fa yana da mai kiwonsa. Ba samun dukiya ake zargi a nan ba, Zabura 62:10 ma cewa ta yi in ta ƙaru kada a ɗora zuciya a kanta. Abin da ake zargi shi ne a ba ta kujerar da Zabura 47 ta ce ta Allah ce.

To, su wane ne masu wannan waƙa? Kakansu Kora shi ne ya tayar wa Musa da Haruna a Littafin Ƙidaya sura 16, yana neman matsayin da ba a ba shi ba. Ƙasa ta tsage ta haɗiye 'yan tawayen, da su da duk abin da suka mallaka. Amma sura 26 aya 11 ta ce 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Zuriyarsu ce daga baya ta zama masu tsaron ƙofa da mawaƙa a Haikali. Ke nan idan suka rera cewa mutum ba ya tafiya da komai, tarihin gidansu ne yake magana.

Daga bakinsu kuma aya ta 15 ta Zabura 49 ta fito: Allah zai fanshi raina daga ikon kabari, zai ɗauke ni. A Ibrananci, kalmar ɗaukewar nan ita ce aka yi amfani da ita a Farawa 5:24 ga Anuhu, mutumin da ya yi tafiya tare da Allah har Allah ya ɗauke shi. Mawaƙin bai faɗi da me za a biya ba. Yesu ne ya faɗa, a Markus 10:45, inda ya ce Ɗan Mutum ya zo ne ya yi hidima, ya kuma ba da ransa fansa saboda mutane da yawa.