Fadamun Bakin Teku da Ɓarnar Guguwa

Mutumin Damagaram ba ya maƙwabtaka da teku, amma ya san abin da ke biyo baya idan aka cike tabki aka yi gini a kansa: ruwan damina yakan rasa masauki, sai ya kutsa cikin unguwa. Garuruwan bakin teku na fama da irin wannan matsala, sai dai su guguwa ce ke turo musu ruwan gishiri zuwa tudu.

Tsakanin teku da gari akwai fadamu masu taɓo da ciyayi, a ƙasashe masu zafi kuma akwai dajin mangurob, wanda itatuwansa ke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyi a sarƙe, sun fito waje har kusan ƙugun mutum. Idan igiyar ruwa ta shiga cikinsu, kowace saiwa da kowane reshe sai ya rage mata ƙarfi, lakar da ta ɗauko kuma ta kwanta a gindinsu, ƙasar ta ƙara tudu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a guguwar Sandy ta 2012 irin waɗannan fadamu sun kare dukiyar dala miliyan 625 a arewa maso gabashin Amurka.

Jihar Luwiziyana da ke Amurka ta nuna abin da rashinsu ke jawowa. An yi wa kogin Misisifi jinga don hana ambaliya, lakar da ke ciyar da fadamun ta riƙa wucewa cikin teku, kamfanonin man fetur kuma suka yanyanka su da magudanai. Daga shekarun 1930 jihar ta rasa ƙasar da ta kusa murabba'in kilomita 5,000, saboda haka guguwar Katrina ta tarar da birnin Niyu Olins a 2005 da kariya ragaggiya.

Fadama ba za ta tsayar da babbar guguwa ita kaɗai ba, kuma duk wanda ya ce a daina gina katangar tare ruwan teku ya yi zuƙu. Amma katangar siminti tun ranar da aka gama ta take fara tsufa, alhali daji ƙaruwa yake yi, yana kuma renon kifi. A Kasamans ta Senegal mutanen ƙauyuka sun dasa miliyoyin mangurob da hannunsu lokacin da ruwa ya janye. Dashe kaɗai dai ba ya isa, domin inda aka toshe hanyar shigar ruwan teku da fitarsa, tsiron mutuwa yake yi. Sai an fara fasa datsin, sau da yawa ma daga nan itatuwan kan dawo da kansu.