Dare: Yadda Na'ura da Muryar Mutum Suka Haɗu a 1981

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu saurari kundin waƙoƙi mai sunan Turanci Dare na ƙungiyar The Human League, wanda kamfanin Virgin ya fitar a watan Oktoban 1981, kuma yana cikin kundayen da suka kafa salon kiɗan da ake kira synth-pop, wato kiɗan da ake haɗawa da na'urorin lantarki, a Birtaniya.

Ƙungiyar ta samo asali ne daga Sheffield, birnin masana'antar ƙarfe da ke arewacin Ingila. A ƙarshen 1980 ta dare gida biyu, inda Martyn Ware da Ian Craig Marsh, waɗanda su ne gwanayen sarrafa na'urori, suka fice suka kafa ƙungiyar Heaven 17, suka bar mawaƙi Philip Oakey da Adrian Wright da sunan ƙungiya da kuma alƙawarin wasanni a Turai da ya zama dole a cika. Cikin wannan matsi ne Oakey ya ga 'yan mata biyu 'yan makaranta, Joanne Catherall da Susan Ann Sulley, suna rawa a wani gidan rawa mai suna Crazy Daisy, ya gayyace su cikin ƙungiyar alhali ba su taɓa waƙa a matsayin sana'a ba. Daga baya Ian Burden da Jo Callis suka shigo.

An ɗauki kundin a situdiyon Genetic na Martin Rushent, furodusan da ya tsara kiɗan kundin, a gundumar Berkshire. Ya kamata mu tsaya a nan mu duba yadda aikin ya kasance, domin wanda ya saba ganin makaɗi yana haɗa ganga da sarewa da komai a kan fiyano guda cikin 'yan mintoci ba zai yi saurin gane wahalar ba. Na'urar Roland MC-8 da suka yi amfani da ita tana da madannai irin na kalkuleta, kuma kowane sauti sai an shigar da shi da lambobi: lamba ɗaya ta kaifinsa, wata ta lokacin shigowarsa, wata ta tsawon da zai yi kafin ya ɗauke. Gangar da ake ji a mafi yawan waƙoƙin kuwa ta fito ne daga Linn LM-1, na'urar da ta bayyana a 1980, wadda aka naɗi sautin ganguna na gaske aka adana a cikinta.

To, idan kuka saka waƙar farko, "The Things That Dreams Are Made Of", ku kasa kunne ga sararin da ke tsakanin sautuka. Rushent bai cika kiɗan da kaya ba. Ganga tana tafiya daram ba ta ƙara sauri ba ta ragewa, sauti mai kauri yana bin ta a ƙasa, sannan wani siririn amo ya gifta ya wuce. A kan wannan tsari marar kuskure ne muryar Oakey mai zurfi take sauka, 'yan matan biyu suna yi masa amshi da muryoyin da ba a goge su a makarantar kiɗa ba. A ganina, wannan shi ne abin da ya raya kundin har yau, domin tsantsar daidaiton na'urar shi ke sa a ji ɗan rawar da muryar mutum take yi, a ji cewa mutane ne na gari suke magana a kan so da tsoro da buri.

Gefe na biyu na faifan ya fi duhu. Yana buɗewa da "Get Carter", gajeren kiɗa na kimanin minti ɗaya da aka buga da ƙaramar na'urar Casio VL-1, kuma a wannan gefen ne ake samun "Seconds", wadda ta yi magana a kan kisan shugaban Amurka John F. Kennedy, da bugun ganga mai nacin da ba ya barin mai sauraro ya huta.

Waƙa ta goma kuma ta ƙarshe ita ce "Don't You Want Me", inda namiji yake gori cewa shi ya ɗaga mace daga aikin rabon abin sha har ta zama wata, ita kuma, da muryar Sulley, ta mayar masa cikin natsuwa cewa da shi ko babu shi za ta kai inda ta kai. Oakey bai so a fitar da ita ita kaɗai ba, domin yana ganin ta fi sauran rauni, amma Virgin ya dage. Ta yi makonni biyar tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, har da makon Kirsimetin 1981, sannan ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a watan Yulin 1982. A wannan shekarar ce Rushent ya sake yanka sautukan kundin ya jera su da hannu a kan tef, ya fitar da Love and Dancing, wanda ya dace ku saurara bayan kun gama da Dare domin ku ji kiɗan da aka rage masa muryoyi.