Kada a sauke muku giya saboda ɗigon baƙin mai

Jama'a, ku matso ku ga ƙarƙashin motar nan. Abin da ya ɓata min rai ke nan: an ga baƙin mai yana ɗiga daidai inda inji ya haɗu da giya, nan take aka yanke hukunci wai sil ɗin bayan inji ne, wato zoben robar da ke hana mai fita, a sauke giya. Haba! Mai ai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma ta kora shi baya. Duk inda ya ɓulle a sama, a nan ƙasan za ku tarar da shi.

Tsohuwar mota wanka ake fara yi mata. A fesa maganin cire maiƙo inji na sanyi, a rufe altaneta da leda, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. A zagaya da ita minti 15 zuwa 20, sannan a ɗauki tocila a fara dubawa daga sama. Wuri mafi tsayi da kuka ga ya jiƙe, shi ne mai laifin.

To ga shi, kun gani? Gefen murfin saman inji yana sheƙi. Gasket ɗinsa, wato abin da ke toshe tsakanin murfin da inji, roba ne, zafin shekaru ya busar da shi har yana karyewa kamar busasshen kara. Ku zare kwayil, mai ba fulogi wuta, ku leƙa ramin fulogi. In akwai mai a ciki, ƙananan robobin da ke wurin ma sun mutu, tare ake canza su. Ina gargaɗinku da babbar murya kan ɗaurin notin murfin nan. A yawancin injuna bai wuce Nm 10 ba a ma'aunin ƙarfin ɗauri, daga tsakiya ake farawa a yi waje. Mai ƙarfin hannu ya ƙara masa, murfin ya tsage ko ya lanƙwashe, yoyo ya fi na da. Silikon ma ɗan ɗigo ake sawa a kusurwoyi kawai. In aka lafta, rarar ta ɓalle ta faɗa ciki, ta je ta toshe rariyar famfon mai.

Akwai wani ɗan bawul, PCV, da ke fitar da iskar da ta taru a cikin inji. Ya toshe, matsin ciki ya ƙaru, mai ya riƙa neman hanya ta kowane sil. Ku canza sil goma, in ba ku taɓa shi ba, aikin banza ne. Sai ku duba gindin filta, da suwic ɗin fitilar mai, da washar notin juye mai, wadda ake sabuntawa duk lokacin sabis. In kuwa man yana bayan murfin taimin bel, kada ku yi wasa, mai yana cinye bel, kuma a injuna da yawa bel na tsinkewa fistin zai doki bawul.

Wani abin da ke ba ni takaici a ƙasashen sanyin nan shi ne gishirin da ake watsawa a titi. Kwanon mai na ƙarfe da ke ƙasan inji sai ya yi tsatsa ya huje, gasket kuwa lafiyarsa ƙalau.

Ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana, da safe ku duba irin man da ya ɗiga. Ja-ja yawanci man giyar otomatik ne, mai kauri da warin kibiritu kuma na difaransha ne ko giyar hannu.

Yanzu shaf, ƙarfen da ke kai ƙarfin giya zuwa taya. Ku murɗe sitiyari gaba ɗaya ku tafi a hankali. Kun ji ƙas-ƙas-ƙas, haɗin shaf na waje, wato na kusa da taya, ya lalace. Tana karkarwa in kun taka totur ta daina in kun ɗaga ƙafa, na ciki ne. Ku shafa cikin tayar. Baƙin giris a warwatse na nufin robar shaf ta yage. In ba a fara jin ƙara ba, wanki da sabon giris da sabuwar roba sun isa. In ƙasa ta riga ta shiga, sai canji. Da an zare shaf a canza sil ɗin giya na wurin, a cike man da ya zube.

In an bi duk wannan sama ya bushe, ƙasa na ci gaba da ɗiga, to a sauke giyar. Ranar kuma, in giyar hannu ce, a sa sabon kuloci gaba ɗaya, tunda hanya a buɗe take. Kuma don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe.